Amsa: Yadda ake ƙiyasta yawan babbar mujiya

Malam, ka tambayi yadda ake sanin yawan babbar mujiyar nan mai jan fatar ido, wadda masana ke kira Verreaux, alhali da wuya a gan ta da rana. Da kunne ake ƙirga ta. Da dare ko goshin asuba ake tsayawa a wurare masu tazara, a saurari gurnaninta, wani lokaci a kunna muryarta a lasifika don ta amsa. Kowane miji da mata na da yankin da suke tsarewa, shi ya sa yankunan ake lissafawa, a auna da faɗin dajin. Amma muryarta na kaiwa nesa sosai. In masu saurare ba su rubuta lokaci da alƙibla ba, sai a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Shirun dare ɗaya kuma bai isa a ce babu ita ba.

Da rana, duba gindin manyan itatuwan bakin rafi, za ka iya samun fatar bushiya da mujiyar ta feɗe, alamar tana wurin.

Batun yaɗuwarta kuwa, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos na tattara bayanan 'yan sa-kai ta waya, a murabba'an taswira masu kusan kilomita 9 kowane gefe. Ka shigar da duk wadda ka ji, don bayanan dare sun fi wuyar samu.