Shin Ƙwayar Ginkgo Na Maganin Mantuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya haura shekara 70, kuma mantuwa ta fara yi masa yawa, har yakan maimaita tambaya ɗaya a zama guda. An ce in saya masa ƙwayar ginkgo, wai sinadarin ganyenta yana gyara ƙwaƙwalwa. Yana shan aspirin kullum saboda ciwon zuciya. In saya masa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Kada ka saya tukuna, kuma aspirin ɗin nan ne babban dalilina.

Ginkgo bishiya ce 'yar asalin ƙasar Sin. Cikin sinadaran ganyenta akwai wanda ake kira ginkgolide B, wanda ke dakushe wani abu a jiki da ke sa ƙwayoyin jini su manne su daskare. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake cewa ginkgo na ƙara gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa. To, aspirin ma tsinka jini yake yi. In an haɗa su, ana tsoron zubar jini, har a cikin kai. Mai shan warfarin, wani maganin tsinka jini, ma haka.

Batun hana mantuwa kuwa, an gwada, ba ji-ta-ji-ta ba ce. A Amurka an bibiyi tsofaffi 3,069 masu shekara 75 zuwa sama har tsawon shekara shida. Wasu na shan miligiram 120 sau biyu a rana, wasu na shan ƙwayar da ba magani a ciki. Da sakamako ya fito a 2008, ginkgo bai kare kowa daga cutar mantuwa ba. Wani gwajin a Faransa ya zo da irin wannan labari a 2012. Ɗan sauƙin da aka gani, a ƙananan gwaje-gwaje ne kan waɗanda cutar ta riga ta kama, da miligiram 240 a rana na wani tataccen haɗi na kamfanin Jamus, EGb 761. Ba kowace roba mai hoton ganye a kemis ba ce wannan haɗin, komai daɗin bakin mai talla.

Kuɗin nan, gara ka kai Baba asibiti da shi. A auna jini da suga, a duba bitamin B12 da maƙoƙo, a gwada jinsa, domin wani tsohon kurumta ce ke damunsa ake cewa mantuwa. Ka tafi da dukkan magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, likitansa ya gani.