Rainon dashe ba sai da leda ba

Tambaya: Malam, ina sayar da irin kayan lambu a Garwa, arewacin Kamaru. Ina so in fara raino in riƙa sayar wa masu lambu dashe, amma in kowane tsiro sai da baƙar ledarsa, jarin ya ƙare. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, kada ko dala ki sa a leda tukuna. Dubi manoman masakwa, wato dawar rani, na wajen Marwa: a ƙasa suke yafa iri wajen Agusta da Satumba, su tuge, su datse ganyen, su dasa a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, in damina ta ja. Masu albasa ma haka.

Ki tada fangali mai faɗin mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. Ki gauraya ƙasar da rairayi da taki wanda ya ruɓe sarai, don ɗanyen taki ƙona tsiro yake. Kafin shuka a ƙona ciyawa a kai, yana rage cutar da ke ruɓar da gindin tsiro. Ki shuka layi-layi, kada ki cunkusa. Wanda aka cunkusa dogo yake fitowa, siriri, kuma mai lambu da kallo ɗaya zai raina shi. A yi rumfar zana, a riƙa janye ta in cira ta kusa, tsiron ya saba da rana. Tumatir sati 4 ya isa dashe, tattasai da attarugu wajen 6, albasa 6 zuwa 8. In ba fili, tsohuwar roba da aka huda gindinta ta wadatar.

Zogale, shuwaka da rogo kuwa reshe ake yanka a kafa a ƙasa mai laima. Kankana da kuɓewa ba sa son a taɓa musu saiwa, kada ma ki fara. Mangwaro da gwanda ne ke buƙatar mazubi, su ma ledar ruwa da ake yarwa ta isa a farko.

Amma ga inda asara take ɓuya: dashen da aka tuge ba ya jiran ciniki. Ba kayan kasawa a tebur ba ne. Tunda masu sayen irinki su ne masu lambun, ki rubuta abin da kowa ke so, ki karɓi kafin alƙalami, sannan ki shuka, kashi-kashi, sati-sati. Ranar ɗauka a jiƙa fangalin da safe, a tuge da la'asar, a ɗaure ɗari-ɗari cikin jiƙaƙƙen buhu, mai shi ya dasa kafin magariba.