Akwatin intanet zai iya maye gurbin parabol a Damagaram?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a unguwar Birni. Abonema na wata-wata ya ishe ni, sai ɗana ya ce in sayi ɗan akwatin nan da ake sokawa a bayan tele, a riƙa kallon komai ta intanet, a sauke parabol. Shin zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sauke parabol ɗin tukuna.

Abin da yaron yake nufi shi ne na'urori irin su Roku, da ta fito a 2008, da Chromecast ta Google a 2013, da Fire TV ta Amazon a 2014, sai tarin akwatunan Android ƙirar Sin da suka fi yawa a kasuwa. Babu tasha ko ɗaya a cikinsu. Wifi suke kamawa, su jawo hoto daga YouTube ko Netflix su zuba a allo. A Amurka, inda ake jan tashoshi da waya har cikin gida, mutane da yawa sun yanke wayar saboda suna da intanet mara iyaka. Mu kuwa da forfe muke saye.

Nan lissafin yake. Netflix da kanta ta ce awa ɗaya ta hoto na gama-gari kan ci har giga 1, hoto mai kyau na HD har giga 3, na 4K kuwa har 7. Wasan ƙwallo da hutun rabin lokaci kusan awa 2 ne, ka ga har giga 6 ke nan a dare guda. Ga Hajiya da finafinan Kannywood bayan la'asar, ga yara da katun. Parabol ko kwana ka yi kana kallo kuɗin watan ba ya ƙaruwa, wannan kuwa kamar randa ce mai yoyo. Je ka duba kuɗin giga a Airtel, Moov ko Zamani, ka ninka da awannin gidanka.

Sai ƙarfin layi. HD na son aƙalla megabit 5 a daƙiƙa, kuma ya tsaya haka bayan isha'i, lokacin da gari duka ya hau. Kuma hoton intanet yana makara: maƙwabcinka mai Canal+ zai yi ihun ƙwallo ta shiga, kai har yanzu ana bugun kwana a allonka. Gaskiya dai, shi ma parabol yakan ɗauke idan hadari ya haɗo da damina.

Masu cewa "biya sau ɗaya, tashoshi dubu" na satar hanya ne. Ranar da aka toshe su, babu wanda za ka kama.

Idan kana da wifi mara iyaka, ko Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam da ya shigo Nijar a 2025, to saya, za ka ji daɗin tafsiri da finafinai a lokacin da ka ga dama. In ba haka ba, sauko da abonema zuwa mafi araha don Télé Sahel da labarai.

Kafin ka shiga kasuwar Dole, leƙa bayan telenka ka ga ko akwai ramin HDMI, don tsohuwa mai wayoyi ja da fari da rawaya sai da ƴar mahaɗa. Sannan ka ari akwatin wani, yaron ya raba masa intanet daga wayarsa dare ɗaya, da safe ku duba abin da ya rage a forfe.