Tambaya da Amsa: Wace Ciyawa Ce Wannan, Wane Tsuntsu Ne Wancan?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, mutum ya ga wani abu a daji ko a bakin hanya yana so ya san ko mene ne shi. To bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na sauke manhajar nan da ake ɗaukar hoton ganye ta faɗi sunan shuka, amma ciyawa ɗaya na ɗauka sau uku ta ba ni suna uku daban-daban. Ƙarya take yi ne ko ni ne ban iya ba? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa ba ƙarya take ba, canka take yi, kuma kai ma da ɗan laifinka in dai ganye ɗaya tak kake nuna mata. Irin su Pl@ntNet da iNaturalist da Seek duk hanyar aikinsu ɗaya ce, an loda wa kwamfuta tulin hotunan da mutane suka riga suka sa wa suna, sai ta ɗauki naka ta ga da wanne ya fi kama. Ba ta shafa ganyen ba, ba ta murza shi ta ji warinsa ba, ba ta san ko bishiya ce doguwa ko ciyawa ce iya gwiwa ba. Ga shi nau'in tsirran da masana suka sani a duniya sun kai wajen 390,000, kuma da yawansu ganyensu in ka ɗauke shi ta sama kusan abu ɗaya ne. Sannan shukar da ba a cika ɗaukar hotonta ba, manhajar ba ta santa sosai ba, sai ta laƙa mata sunan wata 'yar'uwarta da ta fi sani, wani sa'in ma wadda ba a nahiyarku take fitowa ba sam.

Bari in ba ka misali da tafasa da rai-ɗore, don su biyun nan suna rikita mutane da manhaja baki ɗaya. Dangi ɗaya ne, Senna, furensu duka rawaya, duka suna fitowa a kangon fili da damina, daga nesa sai ka rantse abu ɗaya ne. Amma tsuguna ka ƙirga. Tafasa, wato Senna obtusifolia, ƙananan ganyayenta bibbiyu ne sahu uku, shida kenan, kowanne ya fi faɗi ta wajen ƙarshe kuma bakinsa a zagaye yake. Rai-ɗore, Senna occidentalis, yawanci sahu huɗu ne ko biyar ko ma fiye, kuma kowane ganye ya tafi ya yi tsini a ƙarshe. Kwanson tafasa siriri ne dogo ya lanƙwasa kamar lauje, na rai-ɗore kuwa ya fi faɗi kuma a ɗan baje yake. In kana da ido sosai duba wajen da sandar ganyen rai-ɗore ta haɗu da kara, za ka ga wani ɗan ƙullutu mai duhu a nan, ita kuwa tafasa nata ƙullutun yana can tsakanin sahun ganye na farko. Ka ga duk abin nan da na lissafa babu wanda zai fito a hoton ganye ɗaya da aka ɗauka a tsaye ana sauri.

Saboda haka in za ka ɗauka ka ɗauki shukar gaba ɗayanta tukuna, sannan reshe ɗaya yadda za a ga jerin ganyen, suna fuskantar juna ne ko ɗaya nan ɗaya can, sai fure kusa-kusa, sai 'ya'ya ko kwanso in akwai, in bishiya ce har da ɓawo da ƙaya. Kuma don Allah a riƙa juya ganye, mutane ba sa yi. Magarya da kurna kusan a nan ake raba su, bayan ganyen magarya yana da laushin gashi fari-fari, na kurna kuwa kusan sumul yake kore. Lokaci ma shaida ne, gawo da damina yake zubar da ganye ya yi kore da rani, in ka ga bishiya mai ƙaya tsirara a tsakiyar damina alhali kowa ya yi shar, ai rabin amsar ta fito.

Ni a ganina iNaturalist ta fi amfani ga mai koyo, ba don kwamfutarta ta fi wayo ba, don akwai mutane a bayanta. A 2008 aka fara ta a matsayin aikin ɗalibai a jami'ar Berkeley ta Amurka, kuma tsarinta shi ne ka ɗora hoto da wuri da rana, wasu su duba su yarda ko su gyara maka, sai fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawar sun haɗu a kan suna ɗaya kafin a ɗauke shi a matsayin abin da masu bincike za su iya aiki da shi. In ba ka tabbata ba kar ka danna sunan farko da ta kawo maka, rubuta dangin kawai, Senna, ko ma ka ce shuka ce ka bar shi haka, wanda ya sani zai zo ya ƙarasa.

Tambaya: An ce min maciji mai dafi kansa kusurwa uku ne kuma ƙwayar idonsa a tsage take irin ta mage, marar dafi kuwa kansa a mulmule. Gaskiya ne? Ina da yara masu son yawon jeji shi ya sa. Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya ki cire wannan daga ranki yau ɗin nan, kuma ki cire wa yaran. Maganar ta yi daidai a kan kasa da kububuwa, su kam kansu da faɗi, idonsu a tsage. Amma gamsheƙa fa? Idonta a zagaye yake, kanta ba wani kusurwa uku, kuma tana kisa. Macijin da ake kira mamba ma haka. Mesa kuwa idonta a tsage yake amma ba ta da dafi ko kaɗan. Wasu macizan marasa dafi ma in sun tsorata baje kai suke yi ya koma kusurwa uku don a ji tsoronsu. To wace ƙa'ida ce ta rage? Balle ma wa zai kai fuskarsa kusa da maciji wai yana duba ƙwayar ido.

Akwai wani abin mamaki a nan. Kububuwa in ta ji haɗari naɗewa take tana goga saɓarta da juna, sai ka ji wani sauti shuuu kamar an zuba ruwa a wuta. To akwai wani maciji mai haɗiye ƙwan tsuntsu, masana na ce masa Dasypeltis, kusan ba shi da haƙori ma balle dafi, amma zanen bayansa irin nata ne, naɗewar irin tata, gogar saɓar ma haka yake yi, har idon a tsage. Wannan kwaikwayon da marar makami ke yi wa mai makami wani Bature ɗan Ingila, Henry Walter Bates, shi ya fara bayaninsa a 1862 bayan ya yi shekaru yana nazarin malam-buɗe-littafi a dajin Amazon. Abin yana tafiya ta ɗaya gefen kuma, akwai wani ɗan baƙin maciji mai shiga ƙasa, Atractaspis, ki gan shi kamar ba zai iya komai ba, amma fiƙarsa ta gefen baki take fitowa, ko an riƙe shi ta bayan kai yana iya soke yatsa, ya sha yi wa masu kama macizai da suka ɗauka marar dafi ne.

Abin da za ki koya wa yaran shi ne su ja da baya, in da waya a ɗauki hoto daga nesa a jawo shi da zum, gamsheƙa tana iya tofa dafi ya kai wajen mita 2 kuma ido take nema, in ya shiga a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kar a taɓa mataccen maciji, kan da aka sare yana iya cizo bayan an kashe shi. In tsautsayi ya faɗa aka yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wajen tamau, a hana mutum yawan motsi a kai shi asibiti, kuma kar a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ne saran maciji ke kashewa duk shekara, shi ya sa a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Tambaya: Ina son kallon tsuntsaye amma kafin in ɗaga waya sun tashi, kuma ba ni da madubin hangen nesa. Ta ina zan fara?

Amsa: Ka aje wayar a aljihu tukuna malam, ka kalla. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne launi yake fara kamawa, launi kuwa shi ya fi yaudara, hasken rana yana canza shi, mace da namiji sukan bambanta, ƙaramin tsuntsu ba ya kama da uwarsa, kuma mazan tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa da suke yin rawaya ko ja jawur lokacin kiwo, da lokacin ya wuce sai su koma ruwan ƙasa ka ce wasu ne daban. Fara da girma, ka auna shi da wanda ka sani, ya kai kurciya ko ya kai hankaka. Sai baki, gajere mai kauri na fasa tsaba ne, siriri na kama ƙwari, mai ƙugiya na yagar nama. Sai jela da ƙafa, sai abin da yake yi, tafiya yake ko tsalle, shi kaɗai ne ko garke, a ƙasa ko a ƙololuwar bishiya.

Shirwa ko tana can sama ba ka ganin launinta, jelarta mai baki biyu da yadda take murɗa ta tana juyawa sun isa. Balbela kuma akwai wata farar tsuntsuwa da ake haɗa su, amma balbela bakinta rawaya ne wuyanta gajere tana bin shanu a busasshen fili, waccan kuwa bakinta baƙi siriri, ƙafa baƙa yatsu rawaya, kuma a bakin ruwa za ka same ta. Ka rubuta abin da ka gani a ɗan littafi tun kafin ka buɗe littafin tsuntsaye ko manhaja, don da zarar ka ga hoto zuciyarka za ta fara ce maka ai kuwa akwai ɗigon nan a fiffikensa, alhali ba ka gani ba.

Da sassafe ne lokacinsu, ka tsaya rana na bayanka. Manhajar Merlin ta jami'ar Cornell tana sauraron kuka ta kawo suna, kyauta ce, sai dai ta fi ƙwarewa a kan tsuntsayen Amurka da Turai inda aka fi naɗar sautinsu. Ranar da ka tashi neman madubin, mai lamba 8x42 shi akasarin masu kallon tsuntsu suke riƙewa, 8 ɗin sau takwas yake kusanto da abu, 42 ɗin faɗin gilashin gaba ne a milimita.

Tambaya: Bayan ruwan sama naman kaza yana fitowa a gindin itatuwa. In manhaja ta ce wannan ana ci, in ci?

Amsa: A'a. Ko manhaja goma ne suka faɗa. Akwai wanda ake kira Amanita phalloides, kamanninsa ba su da wani abin tsoro, dafuwa ba ta kashe gubarsa, kuma mutum yakan yi awa 6 zuwa 24 lafiya lau kafin amai da gudawa su fara, a lokacin gubar ta riga ta kama hanta. Zancen wai in ƙwari sun ci to mutum ma zai iya ci, ba gaskiya ba ne. Ka ɗauki hotonsa sama da ƙasa da gindinsa don ilimi, ka wanke hannu.

Tambaya: Na ga sawu a laka bakin rafi, babba, yatsu huɗu. Abokina ya ce damisa ce, ni na ce kare ne. Wa ya yi daidai? Ga hoton nan na haɗo.

Amsa: Hoton ya iso, sai dai ba ka aje komai a gefen sawun ba, to babba ɗin nan naka ban san ko nawa ba ne, gaba ka ɗora biro ko makulli kusa da shi. Amma a gaban kowane yatsa ina ganin ɗan rami na farce, wannan kuwa ya fitar da damisa, dangin kyanwa suna maƙale farcensu in suna tafiya, sawunsu a zagaye yake ba alamar farce, in ka cire irin mai gudun nan da ake ce wa cita. Saura kare, dila ko kura. Kura ƙafarta ta gaba ta fi ta baya girma sosai kuma yatsunta a matse suke sun ɗan lanƙwasa, dila sawunsa ƙarami ne siriri. Da sawu ɗaya tilo iyakar abin da zan ce shi ne ba dangin kyanwa ba ne, kuma laka tana buɗe sawu ya fi ainihinsa girma. Ka koma da safe ka bi layin, ka ɗauko min inda ƙafar gaba da ta baya suka fito tare, ka kuma auna tazarar da ke tsakanin taku da taku.