Shagon Sola Ko Injin Ban Ruwa: Ina Ya Dace Kuɗin Su Tafi?

Wani dillalin kayan gwari a kasuwar Farin Gada da ke Jos ya aiko da tambaya. Ya tara naira miliyan huɗu, ban da jarin da yake juyawa, kuma yana so ya kai su ƙauyensu da ke wajen Barikin Ladi, inda babu wutar lantarki. Ƙannensa sun matsa masa ya sayi sola da batura da firji, a buɗe shagon cajin waya da sayar da ruwan sanyi. Shi kuwa abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne kukan 'yan lambu kan tsadar fetur, da tumatirin da ke ruɓewa a gaban idonsa duk shekara. Yana so ya san inda zai sa kuɗin su amfani mutanen gida ba tare da sun narke ba.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ya sa albarka a abin da aka tara. Shawarata ita ce ka kai kuɗin nan lambu, shago ya dakata tukuna.

Kayan sola kashi biyu ne, faranti mai kama hasken rana da batir mai ajiye wuta, kuma ba tsawon rai ɗaya gare su ba. Faranti mai kyau yana kai shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Batir shi ne mai mutuwa. Irin wanda aka fi sayarwa, idan ana zuƙe shi kowane dare, cikin shekara biyu zuwa huɗu ya gama. Na litiyam ya fi daɗewa amma kuɗinsa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Galibinsu daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma ka ga abin da dala ta yi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Firjin da ake so ya kwana yana sanyi dole ya kwana a kan batir. Ke nan ranar da za a soma ganin riba, ranar ce batura za su nemi canji.

Sannan ka dubi inda za a kafa shagon. Tudun Filato ya haura mita 1,200 sama da teku. A watan Disamba da Janairu, lokacin da mutanen Barikin Ladi ke kwana da rigar sanyi suna jin ɗumi da safe, wa zai sayi ruwan sanyi? A Yuli da Agusta kuma hadari yakan rufe rana kwana da kwanaki, batir ba ya cika. Shago mai lokutan mutuwa biyu a shekara ba wurin zuba miliyan huɗu ba ne.

Injin ban ruwa mai sola ba ya buƙatar batir ko ɗaya. Rana ta fito ya tashi, ta faɗi ya tsaya. Kuma da rani ake nemansa, daidai lokacin da sararin sama yake tas. Ga ruwa kuma Allah ya ba ku: tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka zama tafkuna, waɗanda 'yan lambun yankinku suka daɗe suna noman rani a bakinsu. Abin da ya karya su shi ne mai. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A 2024 sai da ta haura naira 1,000 a wurare da yawa.

Ka yi lissafin da kanka, da alƙaluman da manoma za su ba ka. Mu ɗauka injin fetur yana shan lita huɗu a rana, ana kunna shi kwana 90 a rani guda, lita kuma mu ce naira 900. Naira 324,000 ke nan aka ƙone, ban da baƙin mai da gyara. Idan inji ɗaya mai sola zai ɗauke wa mutum biyu ko uku wannan nauyi, su biya ka rabin abin da da za su kai gidan mai, kowa ya ci riba. Kai kuma kana da wata ribar da wani ba zai samu ba, domin dillali ne kai. Manomin da ya sha ruwanka kai zai fara yi wa tayin kayansa. Sai dai ina roƙonka, ka saya a farashin ranar. Kada ruwan ya zama igiyar da za a ɗaure talaka da ita a karya masa kaya. Ranar da suka ji ƙanshin haka, ranar za su koma wa fetur.

Akwai abubuwan da mai sayar da kayan ba zai fara gaya maka ba. Injin sola bai kai na fetur ƙarfin turo ruwa ba, a hankali yake yi, yana ramawa da tsawon yini. Don haka kafin ka saya, ka auna zurfin da ruwan zai hau daga tafki zuwa gona da nisan tiyo, ka sa a rubuta maka lita nawa injin ke bayarwa a awa guda a wannan zurfin. Ka sa a gwada farantan da tsakar rana a gabanka, domin kasuwa cike take da waɗanda lambar da aka manna musu ta fi ƙarfinsu. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage masa ƙarfi, sai an riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe. Kada a kafe farantan a gona. A sa maƙeri ya ɗora su a kan amalanke mai taya, yamma ta yi a turo su gida. Kuma kada a sayar da tsohon injin fetur, zai yi rana.

Ruwa mai sauƙi zai ƙara yawan tumatir, kai kuma ka fi ni sanin abin da yawa ke jawowa. Daga Janairu zuwa Maris kaya sun cika Farin Gada, kwando ya faɗi warwas, na ƙasan kwandon ya matse yana tsiyaya tun kafin motar Legas ta gama lodi. Wata uku bayan nan, da damina ta kankama, tumatir ya zama gwal. Kauɗa ce ke haɗa waɗannan lokuta biyu, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Matsalarta ita ce yadda ake shanya ta a ƙasa ko a bakin titi, ƙura da tsakuwa da awaki duk suna bi ta kai, ta fito baƙa, uwargida ta wanke ta sau uku miya ta ci gaba da ƙasa-ƙasa. Kafinta zai yi maka tebur mai raga da ya kai ƙugu, a yi masa rumfar leda mai haske, a bar kafar iska ta ƙasa da ta sama da aka toshe da ragar sauro. Kauɗar da ta fito daga nan ja ce, mai tsabta, kuma ita ce za ta iya shiga shagunan Abuja a cikin leda. Ka tuna sama da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, abin da zai rage bayan bushewa bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba, saboda haka sai kaya sun yi arha sosai ake saya don shanya. Wanda ya fara ruɓewa ba ya gyaruwa a rana, a zubar wa dabbobi. Aikin yanka da shanya kuwa na matan gida ne, a biya su haƙƙinsu a hannu, kada a ce ai na gida ne. Tattasai da attaruhu ma haka.

Kada a cika lambun da tumatir zalla. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa. A haɗa da kabeji da karas da dankalin turawa, wanda da rani ba ya fama da cutar ganye irin yadda yake yi da damina.

Game da rabon kuɗin, kimanin rabi ya tafi ga injin da farantansa da tiyo. Kaɗan ya isa teburan shanya guda biyu na gwaji, wani abu kuma a ajiye don sayen kaya ranar da suka faɗi. Miliyan ɗaya kada a taɓa ta ko da wasa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ban ba ka shawarar cin bashin banki a wannan matakin ba. Idan rani ɗaya ya wuce kana da littafin shiga da fita a hannu, za ka iya tunkarar bankunan da ba sa karɓar kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su sayo maka inji na biyu ka biya a hankali.

Ƙannenka ba su yi laifi ba, sana'a suke nema. Ka damƙa wa ɗaya injin da littafinsa, ɗaya kuma shanya da ajiya, kowa da kason da zai ɗauka a riba. A rubuta a gaban shaidu, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta riga ta koya mana rubuta abin da ke tsakani. Cajin waya kuwa ƙaramin faranti da ƙaramin batir sun ishe shi, a saya daga ribar ranin farko.

Kafin ka biya ko sisi, ka je ƙauyen ka zauna da dattawan lambu, ka tambaye su inda ruwan tafkin yake tsayawa a watan Afrilu, da wanda ke da iko da bakin ruwan da za a kafa injin. Idan amsar ta yi daɗi, kayan su iso kafin ƙarshen Oktoba, a same su a ƙasa lokacin da ake dashe.