Dalilin da ya sa na hana ka ruwan famfo

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na zubar da farantin gwajin Elek, gwajin gano dafin ƙwayar mashaƙo, da ka haɗa jiya, alhali ƙwayar mashaƙon ta tsiro a kansa tas. Tsirowarta ba ita muke nema ba. So muke mu gani ko tana fitar da dafi, kai kuma da ruwan famfo ka dama abincinta, famfon da bututunsa ya yi tsatsa tun kafin a haife ka.

Ƙwayar mashaƙo, wadda a takarda muke rubuta Corynebacterium diphtheriae, ba kullum take da dafi ba. Asali ma umarnin haɗa dafin ba nata ba ne, wani bairas ne mai harbin bakteriya yake shigar mata da shi, kamar yadda wani mai bincike, Freeman, ya gano a 1951. Ko ta samu umarnin, akwai maigadi a kansa, wani furotin da ake kira DtxR. Idan sinadarin ƙarfe ya wadata a cikinta, maigadin nan yakan riƙe ƙarfen, ya zauna daram a kan umarnin, ba a haɗa dafi. Da ƙarfe ya yi ƙaranci sai ya saki, dafi ya fara kwarara. Tun 1936 masu bincike biyu, Pappenheimer da Johnson, suka nuna haka: in babu ƙarfe sam ƙwayar ba ta girma, in ya yi yawa kuma ta yi ɓul-ɓul ta bar haɗa dafi.

To, ina ne ƙarfe yake wuyar samu? Jikin mutum. Muna da shi, amma a kulle: mafi yawansa cikin jajayen ƙwayoyin jini, saura a hannun furotin irin su taransferin a jini da laktoferin a yawu da majina. Ƙwayar da ta sauka a maƙogwaron yaro sai ta tarar da yunwa, yunwar kuma ita ce ke buɗe ƙofar dafin. Dafin ya shiga ƙwayoyin jiki ya tsayar da haɗa furotin, su mutu, abin da ke cikinsu ya zube, ita kuma ta samu na ci. Daga nan ne yanar nan mai launin toka ke toshe maƙogwaro, in dafin ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi. Wanda ya yi aiki a Kano a 2023, lokacin da cutar ta yi ƙamari, ba sai an ba shi labari ba.

Ka ga ke nan farantinka ƙoshi ya ba ta, don tsatsar famfon nan ƙarfe ce. Ƙwaya mai kisa za ta zauna lafiya lau, farin layin da ke fitowa inda dafi ya gamu da makarinsa da muke sawa a farantin ba zai fito ba, ka rubuta "babu dafi" ka sa hannu. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan faranti ya gurɓace, don gurɓatacce ido na ganinsa.

Kada kuma ka je ka ce wa wani a ɗura wa mara lafiya maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe don dafi ya tsaya. Maganinsa makarin dafi ne da maganin kashe ƙwayar, kariya kuma allurar rigakafi ta Penta.

Ɗauko tataccen ruwa da sababbin kwalabe. A gefen farantin ka shuka ƙwayar da muka san tana da dafi da wadda muka san ba ta da shi. Idan ta farkon ba ta ba da layi ba, kada ka karanta sauran.