Kafin ka sayi katako, wa ke da gonar?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da takalma a wajen Taminos a Jos ya aiko min da tambaya. Ya tara naira miliyan 6, yana so ya gina ƙananan ɗakunan kwana guda uku na katako a gefen duwatsun Shere, don baƙi masu zuwa shan iska daga Abuja. Filin gona ce da kakansu ya saya tun zamanin haƙar kuza, baffansa ne ke riƙe da ita, kuma ya ce masa: "Gina abinka, ai gidanku ne." Ya lissafa naira 40,000 kowane dare sau kwana 30 sau ɗaki uku. Abin da yake tambaya shi ne rufin kwano ya fi ko na ciyawa, da kuma girman solar da zai saya.

Malam, zan zo kan rufin. Amma jimlar nan ta baffanka ita ta tsaya min a rai, don a kanta kake shirin ɗora guminka na shekaru.

An raba gadon gonar nan? Daga yadda ka rubuta, ba a raba ba. To baffanka ba shi da ikon ba ka ita shi kaɗai. Akwai gwaggonninka, akwai 'ya'yan waɗanda suka rasu, kowa da haƙƙinsa a cikin ƙasar da za ka kafa ginshiƙi. Yau sun yi shiru domin gona ce ta masara da dankali. Ranar da suka ga motoci masu lambar Abuja sun fara fakawa a bakinta, kowa zai tuna rabonsa, kuma ba laifi suka yi ba.

Na taɓa zama da wani mutum da ya gina ɗakunan kaji a filin kawunsa, bisa irin wannan maganar ta fatar baki. Shekara huɗu ana lafiya. Kawun ya rasu, bayan sadakar arba'in magada suka zauna, rabo ya biyo ta tsakiyar ɗakin kajin. Ya zo wurina da leda cike da rasit na siminti da kwano, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, hannunsa na rawa. Rasit ɗin sun nuna ya kashe kuɗi. Babu ko ɗaya da ya nuna yana da izinin kashe su a wurin. Kwanon rufi kawai ya iya cirewa, kuma har yau ba ya gaisawa da 'ya'yan kawun. Kuɗin bai fi zumuncin da ya lalace ciwo ba.

Don haka kada ka sayi ƙusa ko ɗaya sai ka riƙe takarda. Ka sami lauya ya rubuta yarjejeniyar haya ta aƙalla shekara 10, duk magada su sa hannu, har matan, mai unguwar wurin ya shaida. A auna iyakar inda aka ba ka. A rubuta abin da zai faru idan baffa ya rasu ko aka sayar da gonar, a kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ɗakunan naka ne, kana da damar kwashe su. Ka riƙa biyan haya ko kaɗan ce, kana karɓar rasit. Lauyan zai duba irin takardar da gonar ke da ita, domin a dokar mallakar ƙasa ta 1978, fili mai shaidar mallaka ta gwamnati ba a ba da hayarsa sai da amincewar gwamna. Idan wurin ya faɗa ƙarƙashin JMDB, hukumar raya birnin Jos, sai ka nemi izinin gini. Na san za ka ji nauyin kai wa baffa takarda. Ka je da goronka, ka ce don 'ya'yanka da nasa kake yi. Dattijon kirki zai gane. In kuwa ya fusata ya ƙi, ka sami amsarka tun kuɗinka na aljihu.

Shi kuma lissafin kwana 30, lissafin dokin rano ne. Baƙon Abuja ranar Juma'a yake tahowa, Lahadi ya koma. Ka ɗauka dare 8 a wata idan kasuwa ta yi kyau, wato naira 320,000 a ɗaki, ba miliyan 1.2 ba. Cire mai gadi, mai shara, wankin zannuwa da gyaran hanya. A Yuli da Agusta ruwa ba ya ɗagawa, kuma kai ɗan Jos ne, ka san abin da dokar hana fita ta mako guda ke yi wa masu masauki. Ɗaki ɗaya za ka fara da shi, ka rubuta kowane dare da aka kwana a littafi har shekara ta zagayo.

Yanzu ga ginin, kuma takardarka ce za ta zaɓa maka shi. Muddin haya kake yi, gina wanda za ka iya kwancewa ka loda a mota. Mita 3 da 4 ya isa gado, kujera da ɗan banɗaki. Ɗora shi a kan ginshiƙan dutse kamar rabin mita daga ƙasa saboda gara da ruwan da ke gangarowa daga tsauni. A ɗaure katakon da noti maimakon ƙusa. A Kasuwar Katako ka zaɓi busasshen itace da kanka, ɗanye zai lanƙwashe ya buɗe ƙofar iska kafin hunturu na biyu. Kwano ya fi ciyawa wajen gobarar daji ta rani, kuma da shi za ka tara ruwan sama a tanki, amma ya zarce bango sosai, a sa masa silin mai kauri, in ba haka ba ƙarar ruwa da ƙanƙara za su hana baƙonka barci. Babbar taga ta kalli dutse, ta juya wa arewa maso gabas baya, inda iskar hunturu ke kaɗowa.

Jos na kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, don haka manta da na'urar sanyaya ɗaki. Ƙaramar sola ta fitila da cajin waya ta wadatar. Kuɗin ka zuba su a ruwan zafi, bargo mai nauyi da banɗaki mai tsabta. Kada ka taɓa barin mai gadi ya kai wa baƙo kaskon gawayi cikin rufaffen ɗaki a daren Disamba, hayaƙinsa na kisa cikin barci.

Ginin ƙasa da dutse ya fi katako riƙe ɗumi, ka je gidan tarihi na Jos ka ga sashen gine-ginen gargajiya da idonka. Wannan sai ranar da aka raba gado, filin ya dawo da sunanka. A wannan makon dai, rubuta sunan duk wanda ke da rabo a gonar, ka fara da gwaggon da ta fi kowa nisa.